Kwalba ko alƙalami: abin da mai ciwon sukari zai duba kafin ya sayi insulin a Yamai

Wanda likita ya rubuta wa insulin karon farko yakan isa farmasi da takarda a hannu, a tambaye shi ko kwalba yake so, wadda ake jan insulin daga cikinta da sirinji, ko alƙalami, wato abin yin allura mai siffar biro da insulin a cikinsa, ya rasa amsa. Nau'in insulin da yawan da za a yi, wannan aikin likita ne, amma akwai abubuwan da suka rataya a wuyan mai saye, domin shi ya san aljihunsa da yanayin gidansa.

Insulin iri-iri ne, kuma bambancinsu yana ga saurin fara aiki da tsawon lokacin da suke ɗauka a jiki. Actrapid garau yake kamar ruwa, ana yin sa kimanin minti 30 kafin cin abinci. Insulatard fari ne kamar tsinkakkiyar madara, yana fara aiki a hankali kuma ya daɗe, shi ya sa ake mirgina kwalbarsa a tafin hannu har ya haɗu kafin a ja. Mixtard 30 gaurayen biyun ne, kashi 30 mai sauri da kashi 70 mai jinkiri, kuma galibi sau biyu ake yin sa a rana, safe da yamma. Sauƙinsa ke nan, sai dai yana buƙatar mutum ya ci abinci a kan lokaci, wanda kuwa sana'arsa ke hana shi zama ya ci da rana yana iya gamuwa da faɗuwar sukari. Sai na zamani irin su Lantus, wanda ke aiki kusan awa 24 ba tare da wani lokaci da ƙarfinsa ke hauhawa ba, don haka faɗuwar sukari cikin dare ta fi ƙaranci da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irinsa cikin jerin muhimman magunguna a 2021, amma har yanzu ya fi waɗancan ukun tsada nesa ba kusa ba. A ganina, insulin mai sauƙin kuɗi da mutum zai iya saye kowane wata ba fashi ya fi mai tsada da zai saya yau ya kasa gobe, musamman ga yaro mai nau'in ciwon sukari na farko, wanda rasa allura ta ƴan kwanaki kan kai shi gadon asibiti.

Batun kwalba da alƙalami kuwa lissafi ne. Kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da ma'auni 1000, alƙalami mai mililita 3 yana ɗauke da 300. Mai yin ma'auni 30 a rana, kwalba ɗaya za ta kai shi wata guda, alhali sai ya sayi alƙalami uku, ga kuma kuɗin ƙananan alluran da ake ɗaura masa. Amma mai yin ma'auni 10 kacal ba zai ƙarar da kwalba ba kafin wa'adinta ya cika, domin wadda aka buɗe ba ta wuce mako huɗu zuwa shida, gwargwadon abin da takardar cikin kwali ta faɗa, sauran kuwa zubarwa za a yi. Alƙalami ya fi dacewa da tsoho mai raunin gani ko rawar hannu, da ɗalibi, da mai yawan tafiya tsakanin Yamai da Tawa, tunda murɗawa ake yi ana jin ƙarar kowane ma'auni.

Wanda ya zaɓi kwalba, ina roƙonsa ya duba lambar da ke jikinta da ta jikin sirinji. Idan kwalba ta ce U-100, wato ma'auni 100 a kowace mililita, sirinjin ma ya zama U-100. Wanda ya ja insulin U-100 da sirinjin U-40, wanda aka yi don insulin mai ma'auni 40 a kowace mililita, zai yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa, kuma wannan kuskure yana iya sumar da mutum.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabar insulin a ƙasarmu, inda watannin Afrilu da Mayu ke haura maki 40. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firiji tsakanin maki 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. Gidan da babu firiji, ko wanda wuta ke yawan ɗaukewa, zai iya saka shi cikin roba mai murfi a ajiye cikin tulun ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kuma gara ya sayi na wata ɗaya kawai maimakon ya tara. Saboda wannan dalilin ne ba a sayen insulin a hannun masu tallar magani a kasuwa, komai arhar da suka yi, sai a farmasin da mai saye zai ga an ciro shi daga firiji a gabansa. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a ɗaga kwalbar a haske. Idan mai garau ya yi duhu-duhu, ko fari ya yi gudaji da ba su narkewa, a mayar. Idan kuma ba a samu irin wanda aka saba ba, a koma wurin likita kafin a karɓi wani a madadinsa, domin sauya nau'i yakan zo da sauya ma'auni da lokacin allura.