Hattara da mai "gwajin alaji" da ke yawo da kwamfuta a Katsina

Jama'ar Katsina, musamman iyaye mata, don Allah ku saurare ni. Akwai wani mutum da ke tallata kansa a guruf-guruf na WhatsApp, yana bi gida-gida, wai yana gano abincin da ke jawo wa yara ƙaiƙayin fata. Ƙanwata ta faɗa hannunsa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ɗiyarta shekararta 3, tana fama da egzima tun tana jaririya. Ba kyasbi nake nufi ba, irin wadda fata ke bushewa ta tsattsage a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, yarinya ta kwana tana susa har jini ya ɓata zanin gado. Da hunturu ya shigo abin ya ƙaru. Mutumin ya zo har gidansu wajen Ƙofar Ƙaura, ya damƙa wa yarinyar wani guntun ƙarfe da ya jona da kwamfuta. Minti biyu bai cika ba ya ɗago ya ce, "Hajiya, madara da ƙwai da gyaɗa da kifi da alkama da wake, duk jininta ba ya so." Ya karɓi naira 20,000, ya kuma sayar mata da wani farin man shafawa a roba, babu suna, babu lambar NAFDAC.

Wata biyu yarinyar nan tana kan koko da tuwo. Da na je gidan na ɗauke ta, wallahi sai da na ji hawaye, ta zama kamar kara. Uwar ta ce mini, "Yaya, ai magani ake yi." Ƙaiƙayin kuwa yana nan.

Da muka kai ta wurin likitan fata ne muka gane yadda gwajin gaskiya yake. Ana ɗiga ruwan abin da ake zargi a kan hannu, na abinci ko na abin da ake shaƙa kamar ƙwarin ƙurar katifa, kyankyaso da garin furen tsirrai, sannan a ɗan soki wurin da tsinin allura. A jira minti 15 zuwa 20, a auna kumburin, sai ya kai milimita 3 ake lissafa shi. Ana haɗawa da ɗigon ruwan gishiri da na histamin (sinadarin da ke sa fata kumburi da ƙaiƙayi) don a tabbatar fatar na amsawa daidai, kuma dole a dakatar da maganin ƙaiƙayi irin su Piriton kwanaki kafin ranar. Wannan mutumin ko tambayar abin da take sha bai yi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko gwajin gaskiyar ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Masu egzima fatarsu kan nuna kumburi ga abincin da suke ci lafiya lau. Shi ya sa likita ke fara tambaya: in ta ci ƙwai, bakinta na kumbura? Tana amai? Borin jini na feso mata nan take? In babu, ba a hana ta. Ƙari ma, yaron da ya saba cin abu aka yanke masa na tsawon lokaci, wani sa'in a nan ne jikinsa ke fara ƙin abin da gaske.

Man kuwa, likita ya ce a daina nan take, don yana zargin akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, irin maganin da ke sa fata ta rage kauri ta zama kamar leda. Yanzu an mayar mata da abincinta ɗaya bayan ɗaya, ana shafe ta da basilin da zarar ta fito wanka, da maganin da aka rubuta mata.

Lambar mutumin ta daina shiga, amma shekaranjiya wata ƴar uwa a Daura ta turo mini tallar nan, hoto ɗaya, lamba daban. Duk wadda ta riga ta sayi man nan, kada ta jefar da robar, ta tafi da ita asibiti a gani.