Gargaɗi: N85,000 ya karɓa, ya ba ni mataccen injin sanyaya kwamfuta

Jama'ar Agege, Idi-Araba da Mile 12, duk mai aiki da kwamfutar tebur ya karanta wannan. Akwai wani mutum da ke tare 'yan Arewa da Hausa a bakin kasuwar Computer Village, Ikeja. N85,000 ya karɓa a hannuna. N85,000, kuɗin aikin biki biyu!

Ni ba baƙon kwamfuta ba ne, da ita nake cin abinci, haɗa bidiyon biki nake yi. Da na fara fitar da bidiyo sai fanka ta kama ƙara kamar janareto, ga zafin Legas. Na san fanka mai milimita 120 ta fi ta 80 shiru domin a hankali take juyawa, na san zancen man da ake shafawa tsakanin CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ƙarfen sanyaya. Don haka kada wani ya zo ya ce mini ban bincika ba. Na bincika.

Mutumin nan ya ce injin sanyaya na ruwa ne maganin. Ya kai ni shagon wani, ya ɗaura, ya kunna, ya kama yatsana ya ɗora kan bututun: "Alhaji, taɓa nan ka ji, ruwa na yawo." Na ji motsi kuwa. Ashe girgizar fanka ce nake ji. Ya nuna mini zafi digiri 40 a allo, a cikin AC, kwamfuta ba ta aikin komai. Wallahi har yanzu ina jin muryarsa: "Ɗan'uwa, ni zan cuce ka a garin mutane?" Wa zai ji wannan ya ƙi yarda? Tare muka yi azahar fa, kafin ma in tura kuɗin.

Ina zuwa gida na saka aiki, zafi ya haura digiri 100, ta kashe kanta. Mai gyara ya buɗe, ya ce famfon ciki ya daɗe da mutuwa, ruwan ma ya kusa ƙafewa. Fankokin kuma kai tsaye wancan mutumin ya jona su da akwatin wuta, shi ya sa suke gudu har ƙarshe ba sassauci. Ƙarar ta fi ta da.

Tun a WhatsApp ma ya turo mini hoton sabo a kwali, kwalin da ban taɓa gani ba. Mai shagon ya ce bai san shi ba, aron tebur kawai ya yi. Lambar mutumin a kashe.

Kada ku biya sai an ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi a gabanku, kuma ku karɓi rasit mai sunan shago.

Hotunan hirarmu da shaidar tura N85,000 ɗin suna nan, zan saka su anjima in na huce. "Taɓa nan ka ji." Allah ya isa tsakanina da shi.