Rigar Roba Ko Riga Mai Hana Ruwa Shiga: Wacce Ta Dace Da Tuƙa Kayak A Teku Lokacin Sanyi?

Masu shirin fita yini guda cikin ayari da kwalekwalen kayak sun sha tambayata wacce za su saya. Abin da nake fara dubawa shi ne sanyin ruwan, domin ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska, kuma idan ya gaza digiri 15 a ma'aunin Selshiyas, faɗawa cikinsa kawai yana iya sarƙe numfashi.

Rigar roba mai kaurin milimita 3 zuwa 5 ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ƙaramar yagewa ba ta hana ta aiki. Sai dai tana barin ruwa kaɗan ya shiga cikinta, jiki ya ɗumama ruwan, don haka idan mutum ya koma cikin kwalekwale jiƙe, iska ta buge shi na sa'o'i, sanyi zai ratsa shi.

Ɗayar kuwa tana toshe ruwa a wuya da wuyan hannu, amma ita kanta ba ta ba da ɗumi, sai an sa tufafi masu kauri a ciki. Tana da tsada, robar wuyanta tana tsufa, kuma zif ɗin da aka manta a buɗe haɗari ne babba. A wurin da teku ke cika da janyewa kusan kowace sa'a shida, igiyar ruwa tana iya jinkirta ceto, kuma a nan fifikon wannan rigar yake.

Rigar roba ta ishi mai gajeriyar fita kusa da gaɓa a ruwan da sanyinsa bai tsananta ba. Wanda zai wuni nesa da tudu a tsakiyar lokacin sanyi, mai hana ruwa ce ta dace da shi.