Sharhi Kan Darussan Kumburar Sararin Samaniya da Ake Turawa a Waya

A shagunan cajin waya na ƙauyukan kewayen Gumel, inda aka saba tura fina-finai da wa'azi, yanzu ana samun wasu darussan bidiyo da wani malamin fiziks na sakandare ya shirya da Hausa kan ra'ayin kumburar farko ta sararin samaniya. Ana kallonsu ba tare da data ba, kuma wannan babban sauƙi ne ga ɗalibin ƙauye.

Malamin ya fara da matsalar da ta sa masanin fiziks Alan Guth ya kawo ra'ayin a 1981. Hasken farko na sararin samaniya, wanda Penzias da Wilson suka bayyana gano shi a 1965, ɗuminsa kusan ɗaya ne ta kowace fuska, wato digiri 2.7 a ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga iyakar sanyi, alhali yankunan da ya fito sun yi nisan da bai kamata a ce sun taɓa cuɗanya ba. Amsar Guth, wadda Andrei Linde ya gyara a 1982, ita ce sarari ya kumbura ninkin-ba-ninkin cikin ɗan guntun daƙiƙa, wato yankunan sun cuɗanya tun kafin kumburar ta nisanta su.

Inda darussan suka fi burge ni shi ne yadda malamin ya raba abin da aka auna da abin da har yanzu hasashe ne. Ra'ayin ya yi hasashen cewa ma'aunin da ke kwatanta ɗan bambancin ɗumin hasken a ƙananan yankuna da na manyan yankuna zai gaza 1 da kaɗan, sai tauraron ɗan'adam na Planck, da aka harba a 2009, ya samu kusan 0.965. Bai kuma ɓoye labarin BICEP2 ba, na'urar da ke ƙarshen kudancin duniya, wadda masu ita suka sanar a 2014 cewa sun ga tambarin igiyoyin maganaɗisun nauyi na farko, wato girgizar sarari da ake hasashen kumburar ta haifar, daga baya bincike ya nuna ƙurar da ke cikin tarin taurarinmu ce ta fitar da hasken da ya yi kama da tambarin.

Sai dai akwai gyara. Sautin darasin ƙarshe ya yi ƙasa sosai, rubutun jadawalin kuma ba ya karantuwa a ƙaramar waya. Abin da ya fi damuna shi ne ya ambaci tsarin kumbura na masanin Rasha Alexei Starobinsky na 1980 a gurguje, bai bayyana cewa rashin ganin igiyoyin nan ya kawar da wasu tsare-tsare masu sauƙi ba, shi kuwa na Starobinsky, da yake igiyoyi masu rauni ya yi hasashe, wannan gwajin bai kayar da shi ba.