Kwana Biyar a Hannun Masu Koyar da Nutso a Tsibiran Perhentian

Tun da na dawo Zariya daga karatu a Maleshiya, babu abin da abokan aiki a Samaru suka fi tambayata a kai kamar hoton nan da aka ɗauke ni a ƙarƙashin teku ina goye da tukunyar iska. Wasu suna so su san nawa na kashe, wasu kuma, musamman waɗanda ke shirin tafiya can ƙarin karatu, suna so su ji ko abu ne da mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Shika ba zai iya yi. Saboda haka na ga ya dace in rubuta abin da na gani game da shagon da ya koya mini, da abin da ya yi daidai da inda ya gaza. Ba zan faɗi sunansa ba, domin irinsa suna jere a bakin gaɓa, kuma malamansu suna sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Tsibiran Perhentian suna jihar Terengganu, a gaɓar gabas ta ɓangaren ƙasar da Kuala Lumpur take, cikin Tekun Kudancin Sin. Manyansu biyu ne, Besar da Kecil, wato babba da ƙarami a harshen Male, kuma sunan Perhentian kansa yana nufin wurin yada zango. Daga Kuala Lumpur na shiga motar dare zuwa garin Kuala Besut, daga nan kwale-kwale mai inji ya ƙetarar da mu a cikin kamar minti 40. Ruwan da ke kewaye da tsibiran gandu ne na gwamnati, kamar yadda Yankari yake a tudu: an haramta kamun kifi da ɗibar murjani har tsawon mil biyu na teku daga gaɓa, kuma ana karɓar kuɗin kula da gandun tun a tashar jirgi, baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu damina mai iska takan tayar da teku, yawancin shaguna da masaukai su rufe, don haka lokacin zuwa shi ne daga Maris zuwa Oktoba.

Na yi rajistar matakin farko na tsarin PADI, ƙungiyar Amurka da aka kafa a 1966, wadda takardar shaidarta ke karɓuwa a kusan ko'ina ake nutso. Na biya abin da ya ɗan haura ringit 1,000 na kuɗin Maleshiya, kuma kuɗin ya haɗa da karatu da aron kaya da kuɗin jirgin ruwa, ban da masauki da abinci. Kafin su karɓi ko sisi sai da suka miƙo mini takardar tambayoyin lafiya. Wannan ya burge ni, domin matar da ke kan tebur ba ta bar ni na cika ta da gaggawa ba, ta bi layi-layi tana tambaya game da asma da ciwon zuciya da hawan jini da ciwon kunne. Mai juna biyu ba ta nutso. Ina ƙara wa mutanenmu wani abu da ya fi shafarmu: mai ciwon sikila likitoci suna hana shi wannan harka, kuma duk wanda ke da shakka a kan lafiyarsa gara ya ga likita tun yana gida.

Sharaɗin shiga shi ne mutum ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan ya zauna a saman ruwa minti 10 ba tare da ya riƙe komai ba. Na wuce wannan ba wahala, har na fara jin kaina, domin ina yaro babu wanda ya fi ni daɗewa a kurme a rafin Kubanni, duk da bulalar da hakan ya sha jawo mini a gida. Ashe wannan gwanintar ce za ta zame mini matsala.

Kurmen da muka sani shi ne a cika ƙirji da iska, a toshe numfashi, a nutse. Dokar farko ta nutso da tukunya kuwa ita ce kada a kuskura a riƙe numfashi ko na ɗan lokaci. Malaminmu, wani Bamale mai sanyin magana wanda ba zai wuce shekara 35 ba, ya bayyana mana dalilin da balan-balan a hannunsa. A kowace mita 10 da mutum ya sauka, nauyin ruwan da ke kansa yana ƙara matsi daidai da na dukkan iskar da ke saman duniya, ta yadda a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Wanda ya shaƙi iska daga tukunya a mita 10 ya cika huhunsa, sannan ya taso yana riƙe da ita, iskar za ta kumbura ta ninka girmanta biyu kafin ya kai sama, kuma huhu ba shi da wurin da zai ajiye ta. Mai kurmen rafi ba ya gamuwa da wannan haɗari, tun da iskar da ya sauka da ita ita ce ya dawo da ita. Na fahimci bayanin sarai a kan benci, amma da muka durƙusa a kan yashi a ruwan da bai fi mita biyu ba, aka ce in cire bututun numfashi daga bakina in mayar, sai jikina ya koma wa abin da ya saba, na damƙe leɓe na riƙe iska. Sau huɗu malamin yana nuna mini bakinsa yana fitar da ƙananan kumfa, yana sa ni in sake. Bai ɗaga murya ba da muka fito, bai kuma sa hannu a takardata ba. Ya ce da ni, “Malam, gobe da safe kafin sauran su zo, mu sake.” Ya ba ni kusan awa guda ta lokacinsa ba tare da an ƙara mini kuɗi ba, har sai da fitar da kumfar ta zame mini jiki. Idan aka tambaye ni abin da na saya da kuɗina, wannan awar ce zan fara nunawa.

Haka ya bi da mu a sauran darussan. Ya koya mana daidaita kunne ta hanyar toshe hanci da hura iska a hankali tun kafin a ji zafi, da fitar da ruwa daga gilashin fuska, da sarrafa rigar iska da ɗamarar dalma har mutum ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, bai nutse ba bai taso ba. Ya gyara mana kuskuren da kusan kowa ke yi a Zariya idan ya ga hotona, wato zaton oksijin ne a cikin tukunyar. Iska ce irin wadda muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kusan duk sauran naitirojin, an dai matse ta har ma'aunin matsin iska ya nuna 200, kuma ƙa'idar shagon ita ce kowa ya dawo jirgi da aƙalla 50. Naitirojin ɗin nan yana narkewa a jini idan ana ƙasa, shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma shi ya sa ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa. Alamun hannu ma sai an kiyaye: ɗaga babban yatsa, wanda a wurinmu yabo ne, a can yana nufin a koma sama.

Akwai ƙaramar matsala da masu gashin baki ya kamata su sani. Gilashin fuska yana zama ne a kan leɓen sama, kuma gashi yana hana robar kama fata, sai ruwa ya riƙa tsiyayowa cikin hanci. Gemu ba ya hana komai. Na ɗan rage gashin da ke ƙarƙashin hanci, malamin ya shafa mini wani man silikon, aka wuce wurin.

Game da addini da sutura ban sami abin ƙorafi ba. Terengganu jiha ce ta Musulmi wadda hutun makonta Juma'a da Asabar ne, abinci halal ne a kusan ko'ina, kuma ranar Juma'a shagon ya tsara fita ta safe kawai, direban jirgin ya sauke mu a ƙauyen masunta da ke Kecil muka yi salla a masallacin bakin ruwa. Rigar roba mai dogon hannu da dogon wando tana rufe jiki, kuma na ga mata Musulmi 'yan ƙasar suna nutso da hular roba da ta rufe kai da wuya. Wanda zai tafi da iyali ya dai nemi masauki a Besar, domin gaɓar da matasan Turawa suka fi taruwa a Kecil tana da hayaniya da dare.

Abin da ke ƙasan kuwa ya fi ƙarfin hoton da na kawo. Ruwan yana da ɗumi, wajen digiri 29, kuma a nutsonmu na uku wani kunkurun teku ya zo ya wuce ta gabana yana kaɗa hannuwa ba tare da ya kula da ni ba. Mun ga ƙananan kifayen shak masu baƙin tabo a fiffike, waɗanda su ne ma ke gudun mutum, da wasu manyan kifaye masu ƙullutu a goshi suna gatsar dutse har ana jin ƙarar haƙoransu. Na daɗe ina ɗauka murjani dutse ne ja irin wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya. A can na koyi cewa ƙananan halittu ne masu rai da ke gina gidajen ƙasa mai tauri a kan na magabatansu, kuma launinsu yana fitowa daga wani gansakuka da ke zaune a jikinsu yana ciyar da su. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai su kore shi, su yi fari fat, idan zafin ya daɗe su mutu. Na ga irin waɗannan fararen wurare da idona. Wani abin mamaki shi ne jan launi yana ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, ta yadda a mita 18, iyakar da aka yarje wa mai matakin farko, komai ya koma shuɗi da kore sai an haska fitila.

Bayan nutso huɗu na gwaji a buɗaɗɗen teku na sami shaidata, sai na ƙara kwana ɗaya na biya kuɗin fita biyu na yawo, kuma a nan ne shagon ya nuna ɗayar fuskarsa. A lokacin karatu mu uku ne a hannun malami ɗaya. Ranar yawo mu takwas aka haɗa da jagora ɗaya, wani saurayi mai sauri, aka kai mu Sugar Wreck, jirgin dakon sukari da ya nutse a shekarar 2000 yake kwance a kan gefensa. Ruwan wurin ya yi duhu a ranar, ba a ganin abin da ya wuce 'yan mitoci, kuma sau biyu ina waiwayawa ban ga jagoran ba sai kumfarsa. Ga wanda bai fi kwana ɗaya da karɓar shaida ba, wannan ganganci ne. Robar bakin bututun da aka ba ni ranar ta sha tauna har gefe ɗaya ya yage, sai da na nace aka sauya. A fita ta biyu, a dutsen Tokong Laut, wanda shi ne wuri mafi yawan kifi da na gani, wani baƙo mai kyamara ya dafa murjani da gwiwa don ya sami hoto, jagoran yana kallo bai ce masa uffan ba, alhali malaminmu na farko ko yashi bai yarda mu tayar da takalmin iyo ba. Da na yi magana a ofis, mai shagon ya ba da haƙuri, ya ce lokacin hutu ne kuma ma'aikata sun yi ƙaranci. Na karɓi haƙurin, amma wanda ya san ba shi da ma'aikata bai kamata ya sayar da kujeru takwas ba.

Hukuncina shi ne shagon ya cancanci kuɗinsa a wajen koyarwa, ya kuma gaza a wajen fitar yawo. Ga ɗan'uwan da zai je, kafin ya biya ya tambayi mutum nawa ake haɗawa da malami ɗaya, ya nemi a nuna masa tukunyar oksijin ta agajin gaggawa, ya duba bututu da ma'aunin da za a ba shi da hannunsa, kuma ya nemi a bar shi da malamin da ya koya masa ko da a ranar yawo ce. Ya tafi da tsabar kuɗi, domin shagon ya ƙara mini wani kaso da na biya da kati. Ya kuma bar kwana guda cur tsakanin nutsonsa na ƙarshe da jirgin da zai ɗauke shi daga Kota Bharu. Wani abokin aikina da ke Kongo ta nan Zariya, wanda zai tafi a watan Satumba, ya riga ya fara neman wurin koyon iyo a nan gari saboda mita 200 ɗin nan, kuma na gaya masa rashin iya kurmensa zai rage masa aiki.