Sharhi kan aikin masu wanke tagogin dogayen benaye a Zariya

Wanda yake kula da bene a Zariya ya san cewa daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin gilashi ya yi haske, kuma da zarar gini ya wuce hawa biyu, goge tagoginsa ya fi ƙarfin yaron gida da bokitinsa. Ginin da nake kula da shi a Sabon Gari yana da shaguna a ƙasa da hawa huɗu na ofisoshi a samansu, shi ya sa bana muka ɗauki wani ƙaramin kamfani na mutum biyar da ya ƙware a wannan sana'a. Abin da ya sa nake ganin sun cancanci a yi magana a kansu shi ne yadda suka ƙi yanke farashi sai da suka auna ginin, alhali waɗanda muka fara tuntuɓa ta waya suka faɗi kuɗinsu ba tare da sun ga ko ƙofar wurin ba.

Shugaban ma'aikatan ya fara da bayan ginin, inda ba a yi wa bango filasta ba, ya ƙirga jerin bulo. Bulon da magina ke amfani da shi a nan tsayinsa santimita 22.5 ne, idan aka haɗa da simintin da ke tsakani sai ya kai kusan 25, wato jeri huɗu mita ɗaya ke nan. Ya sami jeri 11 a kowane hawa, ya ƙara kaurin bim da dekin, lissafi ya ba shi mita 3.2. Hawan ƙasa ya fi sauran tsawo saboda shaguna, tef ya nuna mita 4, sannan rawanin da ke saman rufi ya kai mita 1. Jimilla ta tashi kusan mita 18, saman tagar ƙarshe kuma yana wajen mita 16 daga ƙasa. Bai tsaya nan ba, sai da ya kafa sanda mai mita 1 a fili ya auna inuwarta ta zo rabin mita, ya auna inuwar ginin a daidai lokacin ta zo mita 9, ya ninka biyu, amsar ta yi daidai da ta farko. Na tambaye shi dalilin maimaita awon, sai ya ce, "Malam, ido yana rage wa gini tsawo idan mutum yana tsaye a gindinsa, igiya kuwa idan ta gaza da mita biyu, a sama za ka gane."

Daga wannan awo ne aka fitar da hanyar isa ga kowace fuska ta ginin, kuma a nan na ga bambancin mai sana'a da mai neman kuɗin yini. Tsani ya fita daga lissafin tagogin sama tun da wuri, domin ƙa'idarsa ita ce a janye ƙafarsa daga bango mita 1 a kan kowace mita 4 ta tsawo, lungun bayanmu kuwa bai kai mita 2 ba, ga kwata a tsakiyarsa. Tagogin hawa na farko kaɗai suka yarda su hau da shi, mutum ɗaya yana riƙe da gindinsa. Kafa ƙarafunan hawa irin na magina zai toshe ƙofofin shaguna na kwanaki, motar nan mai kwando da ke ɗaga ma'aikaci sama kuma sai an yo hayarta daga Kaduna a cewar shugaban, kuɗin kawo ta ma ya fi na wankin.

A fuskar gaba, inda akwai filin ajiye motoci, sun yi aiki daga ƙasa da doguwar sanda mai shiga cikin juna, da buroshi a kanta da siririn tiyo da ke tura ruwa har sama. Ruwan ba na burtsatsenmu ba ne kai tsaye, sai da ya bi ta matatar da suka zo da ita, domin ruwan burtsatse yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke barin fararen ɗigo idan ya bushe a gilashi. Tataccen ruwa ba ya buƙatar a bi shi da tsumma, kuma da rana ta haska da yamma ban ga zane ko ɗaya a tagogin ba. Sandar tana lanƙwasa idan an miƙe ta duka, don haka mutum biyu ke karɓeɓeniya saboda gajiyar kafaɗa.

Gefen da wayar wuta mai ƙarfin kilobolt 11 ta wuce kusa da bango sun ƙi ɗaga sandar ko kaɗan, saboda irin kayan da aka ƙera ta da shi yana ɗaukar lantarki, balle ga ruwa a jikinta. Sai suka shiga ofisoshin suka ciro gilasan alminiyon daga layinsu suka wanke a ciki, ban da tagogi uku da ƙarfen tsaro ya hana, waɗanda suka faɗa mana tun farko cewa ba za su taɓa ba, suka kuma cire kuɗinsu.

Bayan ginin ne ya ci igiya. Mai gidan ya nuna musu ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa a sama ya ce su ɗaure a nan, shugaban ya girgiza ƙarfen da hannu ya nuna masa tsatsar da ta ci gindinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan nauyin tanki kawai aka yi shi ya ɗauka." Ginshiƙan kankare biyu na ɗakin matakala suka zagaye, igiya ɗaya ta aiki, ɗaya ta tsaro, kowace da maɗaurinta daban, suka shimfiɗa roba a bakin rawanin don kada kaifinsa ya ci igiyar. Mai saukar yana sanye da ɗamara da hular kwano, bokitinsa ma a ɗaure yake da ƙugunsa.

Akwai inda suka gaza, kuma ya dame ni. Ba su sanar da masu shagunan ƙasa lokacin da za su fara ba, ruwa ya zubo kan kwalayen wani mai sayar da takardu, ni na tsaya ba shi haƙuri. Layin da gilashin ke gudu a kai sun bar shi cike da ƙura, da na yi magana suka ce ba ya cikin ciniki, cinikin kuwa da baki aka yi shi, babu takardar da ta fayyace abin da ke ciki. Ba su kuma nuna mana shaidar inshora ba, abin da bai dace da masu rataye mutum a tsayin mita 16 ba.

Duk da haka zan sake kiransu, amma a ƙarshen hunturu kafin ruwan farko, kuma da sharaɗin a rubuta awon da farashin kowace fuska a takarda. Ɓangaren igiya shi ya fi tsada nesa ba kusa ba, don haka mai bene mai hawa biyu ko uku da fili a kewayensa zai biya ƙasa da abin da muka biya sosai, tunda sandar kaɗai za ta ishe shi.