Kiɗan gem a hannun okestira: wanne ya cancanci datarka, da yadda za ka ji shi sosai a Kano

Tun ranar 20 ga Agusta 1987, da Koichi Sugiyama ya tara makaɗa a zauren Suntory da ke Tokiyo suka kaɗa sautukan Dragon Quest, kiɗan gem ya fita daga cikin na'ura ya hau dandamali. Turai ta biyo baya a 2003 da taron birnin Laifzig na Jamus wanda Thomas Böcker ya shirya, Amurka kuma a 2004 a Los Anjalas. Masu irin wannan wasa zagayensu Jafan ne da Turai da Amurka, mu nan Kano ta allo da sifika muke samun rabonmu. Saboda haka wannan sharhi a kan faifai da bidiyoyin da aka naɗa yake, da kuma abin da ke faruwa da su idan suka shigo ɗakin da fanka ke juyawa, injin maƙwabci na ruri a bayan katanga.

Hukuncina a taƙaice: kiɗan ya cancanci lokaci da data, amma mafi yawan waɗanda suka ce bai burge su ba, rabinsa kawai suka ji.

Sai an san aikin da ake yi kafin a iya raba mai kyau da na cika ido. Na'urar Nintendo ta shekarun 1980 hanyoyin sauti 5 gare ta, kuma 3 ne kacal ke iya ɗaukar karin waƙa. Sauran biyun na ƙara ne da gutsattsarin sauti. Bayan haka kiɗan gem ba shi da ƙarshe, zagayawa yake yi ya dawo farko muddin ɗan wasa bai bar wurin ba. Okestira kuwa, wato babban rukunin makaɗa masu goge da busa da ganguna, mutum 60 zuwa 90 ne, wani lokaci da rukunin mawaƙa a bayansu. To mai tsara kiɗan dole ya raba layi uku ga wannan taro, ya ƙirƙiro mabuɗi, ya ƙirƙiro rufewa, ya kuma san inda zai sa mutum 70 su yi shiru don sarewa ɗaya ta yi magana. Malalacin mai tsari yana ba kowa layi ɗaya su kaɗa tare da ƙarfi, ya maimaita sau biyu, ya rufe da ganguna. Minti uku na farko za ka ji daɗi, na huɗu ka gaji. Gwani kuwa yana ɗauko karin da ka sani ya miƙa wa masu goge, ya karɓe ya ba masu busa, ya sauya masa tafiya, har ka ji kamar yau ka fara jin sa.

Kayan kiɗan ba baƙi ba ne ga kunnen Bakano kamar yadda ake zato. Obo, wadda ke ba dukkan makaɗa sautin da za su daidaita kayansu a kai kafin a fara, dangin algaita ce, harshen kara biyu ake hurawa. Bayolin da chelo da dabul-bes gogawa ake yi da baka kamar goge da kukuma. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ji kakaki ya tsaga taro, ya riga ya san aikin da masu ƙahon ƙarfe suke yi a bayan dandamali.

Na fara da jerin tarukan kiɗan da ake kira Distant Worlds, domin shi ne ƙofar shiga mafi sauƙi. An fara shi a Disambar 2007 a Istokhom ta Suwidin, Arnie Roth ne madugu, wato mai jagorantar makaɗa da sanda, kiɗan kuma na jerin Final Fantasy ne, galibi aikin Nobuo Uematsu. Manufarsa riƙe amana: abin da ka ji a gem shi za ka ji, sai dai da makaɗa na gaske. Kowane yanki minti huɗu zuwa bakwai, ana haska hotunan wasan a babban allo. Ga wanda ya buga wasannin, nan ne zuciya ke motsawa. Ga wanda bai buga ba, zai ji karin waƙa masu daɗi a jere, amma ba lallai ya ga abin da ya haɗa su ba. Akwai kuma wani abu da allon ke jawowa. Idan kiɗa zai tafi daidai da hoto, madugu kan sa abin ji a kunne yana bin bugun agogo da aka riga aka tsara, don kada ganga ta faɗi bayan takobi ya riga ya sauka. Wannan yana hana shi jan numfashi inda kiɗan ke neman a ja. Kunnen da ya saba zai ji wasu wurare sun ɗan yi tauri. Ba aibin makaɗa ba ne, farashin allo ne.

Final Symphony wani abu ne daban, kuma a ganina shi ne ƙololuwar wannan fanni. An fara kaɗa shi a 2013, sannan okestirar birnin Landan ta naɗe shi a situdiyon Abbey Road ƙarƙashin Eckehard Stier, faifan ya fito a 2015. Babu allo, babu hoto. Roger Wanamo ya mayar da Final Fantasy VI dogon kiɗa guda mai ba da labari, Masashi Hamauzu ya mayar da na X kiɗan fiyano da okestira, Jonne Valtonen kuma ya gina na VII a sassa uku da suka haura minti 40. A nan ba a ba ka karin da ka sani a tafin hannu. Za a fara shi a yanke, a ɓoye shi a ƙarƙashin wani, a karkatar da shi ya yi ɗaci, sai can gaba a sake shi cikakke. Wasu masoya gem suna jin haushin haka, suna cewa an lalata musu waƙa. Ni ina ganin nan ne kaɗai aka ɗauki kiɗan da muhimmancin da ya kamace shi. Amma gaskiya ba na mai gaggawa ba ne, kuma shi ne ya fi kowanne wahala a ɗaki mai hayaniya, saboda yana sauka ƙasa ƙwarai kafin ya tashi.

Video Games Live, wanda Tommy Tallarico da Jack Wall suka fara a 2005, biki ne: fitilu, jita mai lantarki, tafi da sowa. Yana da kyau a kalla cikin taro, ba a zauna ana nazarinsa ba. Na gem ɗin Zelda, wato Symphony of the Goddesses da aka fara zagayawa da shi a 2012 a kan kiɗan Koji Kondo da abokan aikinsa, yana tsakiya, yana da allo amma an gina shi a sassa huɗu masu haɗe da juna.

Wanda ba ya son kashe ko kwabo bayan data, ya nemi Gaming in Symphony na okestirar ƙasar Denmak, wanda Eímear Noone ta jagoranta a 2018. Yankunansa suna YouTube. Abin da ya fifita shi shi ne ɗaukar hoto: kyamara tana zuwa kan mai busa daidai lokacin da ya shigo, don haka sabon shiga yana koyon wane kaya ke fitar da wane sauti ba tare da malami ba. Haka ma wasan da BBC ta sa a bikinta na Proms a 2022, karon farko da ta ware dare guda ga kiɗan gem.

Yanzu ga inda ake yin asara. Waƙoƙin da muka saba ji, na Kannywood da na zamani, ana matse sautinsu a situdiyo ya zama kusan ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, shi ya sa suke fita ras a cikin Adaidaita Sahu. Kiɗan okestira ba a matse shi haka. Tsakanin wurin da bayolin ɗaya ke raɗa da wurin da kowa ya faɗo akwai tazara mai faɗi ƙwarai. Sakamakon haka mutum yana jin shiru sai ya ƙara murya, can ƙahoni su shigo su firgita gida, ya rage, sai shirun ya sake ɓacewa a ƙarƙashin ƙarar fanka. Yana ta murɗa maɓalli har kiɗan ya ƙare. Maganin shi ne ka fara tsallakawa zuwa wurin da ya fi ƙarfi, yawanci minti biyun ƙarshe, ka saita murya inda kunne zai ɗauka kuma sifika ba ta kakkarwa, sannan ka dawo farko ka cire hannunka. Idan a haka wuraren shiru ba sa fitowa, ɗakin ne ke da hayaniya, ba murya ce ta yi kaɗan ba. Ƙara ta fiye da ƙarfin amfilifaya yana yanke kan sautin, kuma wannan yankewar ita ke ƙona ƙaramar sifikar sama.

Saboda haka lokaci yana cikin kayan aiki. Bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi, ya fi dare, domin da dare ne injuna ke aiki idan an ɗauke wuta. Watannin hunturu, Disamba da Janairu, da ake iya kashe fanka, sun fi bazara nesa ba kusa ba. A Afrilu kuwa kada ka wahalar da kanka, sa hedifon.

Sifikar waya ba ta cikin lissafi. Igiyar ƙasa ta dabul-bes tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, ta chelo wajen 65, waya kuwa ba ta iya fitar da ko kusa da nan. Kashin bayan kiɗan gaba ɗaya ya tafi. Ƙaramar sifikar Bluetooth guda ɗaya ta ɗan fi, amma tana haɗe hagu da dama wuri guda, alhali a dandamali masu bayolin na farko suna hagu, chelo da bes galibi suna dama, kuma amsa-amsar da suke yi wa juna rabin daɗin ke nan. Hedifon mai waya wanda ke rufe kunne, ko iyafis mai roba da ke toshe kunne da kyau, irin da ake samu a Farm Centre ko titin Beirut, zai ba ka fiye da abin da babbar sifika mai walƙiya za ta ba ka. Wurin saye, ka tafi da yankin da ka sani a wayarka, ka saurari wuri mai shiru. Idan kana jin "sss" a ƙarƙashi ko bes ya rufe sarewa, ajiye.

Masu home theatre kuma kuskurensu ɗaya ne: bes a ƙure. An saba da haka don waƙoƙin rawa, amma a nan yana mayar da timfani, wato manyan gangunan okestira, da dabul-bes gurnani guda marar siffa. Mayar da bes da tirebul tsakiya, kashe duk wani yanayin da ke kwaikwayon zagaye ko sinima, zaɓi sitiriyo zalla. A talabijin kashe abin da ke daidaita murya da kansa da yanayin dare, haka ma Stable volume na YouTube idan ka gan shi a kunne, domin aikinsu shi ne danne tazarar nan da kiɗan ya dogara da ita. Sifika biyu su yi nisan kamar mita 2 da juna, kai ma mita 2 daga kowacce, tsayinsu daidai kunne, a janye su taƙi ɗaya ko biyu daga bango. Ɗakunanmu na siminti da tayil suna mayar da sauti da ƙarfi, masu goge su zama kamar ana yankan kwano. Kafet a tsakiya da labule mai kauri suna gyara fiye da rabin wannan.

Idan ka ji wani gunji mai kauri da ba ya tsayawa bayan ka haɗa laftof da amfilifaya, wutar gida ce mai bugu 50 a daƙiƙa ke shiga layin sauti. Zare cajar, ka yi aiki da batir, yawanci zai ɗauke. Idan kuma zizar siririya ce kuma kana kan inbata, duba ko irin mai arahar nan ce da ba ta fitar da wuta mai santsi. Sannan idan ka ga sandar madugu ta sauka kafin sauti ya iso, jinkirin Bluetooth ne, wanda kan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Waya kan gyara wannan da kanta, amma talabijin da aka maƙala wa ɗan abin tura sauti ta Bluetooth ba ya gyarawa. Haɗa da kebul, ko ta HDMI ko ta ramin iyafis.

Batun data ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsoro. Sautin YouTube kilobit 128 zuwa 160 ne a daƙiƙa, wato megabayit 60 zuwa 70 a awa. Hoto ne ke cin kuɗi: 1080p kan haura giga ɗaya da rabi a awa. Saukar da hoton zuwa 480p ba ya taɓa sautin yadda kunne zai lura, don haka a waya nan ne wurin tsayawa. Kuma ka sauke kafin ka zauna, domin tsayawar netwok a tsakiyar kiɗan minti 15 tana kashe shi gaba ɗaya. Mai son ingancin faifan CD ya san awa ɗaya megabayit 635 ce, FLAC kuma, wato tsarin fayil da ke rage girma ba tare da taɓa inganci ba, ta kan rage kusan rabi. A hedifon mai matsakaicin kuɗi bambancin da YouTube kaɗan ne, sai dai a wurin kuge da tafin jama'a, inda matsattsen sauti ke yin kamar ruwa na zuba. Abin gudu shi ne bidiyon da wani ya ɗauka da waya daga kujerarsa a zaure, da kuma fayil ɗin da ya bi ta WhatsApp sau uku.

Ga masu gidan kallo ko gidan gem da ke son gwada daren irin wannan, ku fara da na Denmak ko Video Games Live, yankuna gajeru masu hoto, ku ajiye Final Symphony don ɗaki. Inji ya yi nesa da rumfa gwargwadon tsawon waya. Ku kuma duba abin da rukunin mawaƙa ke rerawa kafin ku sa wa jama'a. Baba Yetu na Christopher Tin, daga gem ɗin Civilization IV, wanda ya ci kyautar Grammy a 2011 kuma ake yawan sa shi a irin waɗannan taruka, addu'ar Kirista ce da harshen Suwahili, wasu waƙoƙin gem kuma da Latin ake rera su. Gara mai gida ya san wannan tun kafin wani daga benci na baya ya tambaye shi. Wanda kuma yake son jin okestira ido da ido ba tare da ya bar Nijeriya ba, cibiyar MUSON da ke Onikan a Legas tana da tata, sai ya bi jadawalinsu ya ga abin da za su kaɗa.